Maganar Hannu a Ɗakin Likita



Malanbil ba ta taɓa zama garin harshe ɗaya ba, tun ana kiranta Tassi, kafin Faransawa su laƙaba mata sunan gwamnansu Malan. Dandanci ne harshen masu gari, Hausa ta riƙe ciniki, Faransanci na ofis ne da lakwal, ga Zabarmanci, ga Fulatanci, ga Barganci, ga Yarbanci da harshen Fon da 'yan kudu suka hauro da su. A kasuwarmu, wadda ake lissafawa ta biyu a ƙasar Benin bayan Dantokpa ta Kwatano, mutum yakan sayi albasa da harshe ɗaya, ya yi cinikin mota da wani, ya yi musu da ɗan kamasho da na uku, duk kafin azahar. Akwai kuma wani harshen da ba a sa shi cikin lissafi idan ana ƙirga harsunan gari, alhali kullum a gaban idonmu ake yin sa, wato maganar hannu, harshen bebaye.

Wanda ke son ganin ta ya je bakin kogi. Tun da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, kaya da mutane suka koma kwale-kwale, aikin dako ya yawaita, kuma cikin masu dakon akwai bebaye. Sai ka ga 'yar kasuwa ta tsaya da ɗayansu, ta nuna masa buhu nawa ne, ta nuna inda za a kai, ta ɗaga yatsu. Shi kuma ya girgiza kai, ya ƙara yatsa ɗaya, ya nuna mata tudun da zai hau da kayan. Ta riƙe baki, ya yi dariya, su daidaita. Ba ta shiga makaranta don wannan ba, bukata ce ta koya mata. Mahauci yana da ɗan rabonsa na wannan harshe, mai shayi ma haka, 'yan kabu-kabu ma haka. Wuri ɗaya na sani inda maganar hannu ke tsayawa cak a bakin ƙofa, kuma shi ne inda bebe ya fi bukatar a fahimce shi: ɗakin likita.

Na ce bebe, domin ita ce kalmar da aka saba da ita a ƙasar Hausa, har ma tana da sarautarta. Amma mai karatu ya sani, mafi yawansu kurumta ce ta same su tun suna ƙanana. Harshensu da maƙogwaronsu lafiya lau suke, hankalinsu kuwa babu abin da ya taɓa shi.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina riƙe wa Maigida, dattijon jama'armu, alƙalami. Ni ke rubuta wasiƙu, ni ke riƙe littafin ɗaurin aure da na bashi da na amana, ni kuma ake haɗawa da baƙon da ba shi da kowa idan zai je ofishin magajin gari ko wajen 'yan sanda ko asibiti. Saboda haka na zauna a bencin jira fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma a can na ga abin da ya sa ni wannan rubutu.

Wata rana na raka wani direba da zazzaɓi ya kayar zuwa wani asibiti, sai na tarar da wani bebe mai dako da na sani, zaune da kumburarriyar ƙafa, tikitinsa a hannu. Wajen la'asar ne. Da na tambaye shi, sai ya nuna mini inda rana take lokacin da ya iso: hantsi bai yi ba. Abin da ya faru shi ne, daga cikin ɗaki ake kiran suna. An kira shi sau uku, ba a ji an amsa ba, aka wuce. Waɗanda suka zo bayansa suna ta shiga suna fita, shi kuwa yana tsammanin akwai wani tsari da bai gane ba, ya yi haƙuri irin na wanda ya saba da a manta da shi. Babu wanda ya nufe shi da mugunta. Ma'aikacin da ya kira sunan mutum ne mai kirki, aiki ya yi masa yawa, kuma ba a taɓa gaya masa cewa cikin masu zaman benci akwai wanda sai an fito an taɓa kafaɗarsa ba.

Wannan ƙaramar matsalar ce. Babbar tana ciki, bayan an rufe ƙofa. Idan bebe ya shiga da ɗan rakiya, likita yakan juya wajen ɗan rakiyar ya ce, “Me ke damunsa? Tun yaushe?” Daga nan har a fita da shi za a yi magana, majiyyacin yana zaune yana bin bakunansu da ido, kamar ragon da ake cinikinsa. Ɗan rakiya kuwa abin da ya gani yake faɗi, ya cike sauran da zato. Ya ga mutum yana riƙe ciki, sai ya ce ciwon ciki ne. To amma wane irin ciwo? Murɗa yake yi, ko suka, ko zugi, ko ƙuna? Sama ne ko mara? Yana tashinsa daga barci? In ya ci abinci yana lafawa ko ƙaruwa yake yi? Likitoci da kansu sun ce labarin da majiyyaci ya bayar shi ne babban jagora wajen gane cuta, balle a irin garuruwanmu inda awon jini da hoton ciki kuɗi ne da ba kowa ke da su ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan maƙwabci ake tambaya.

Sai maganar sirri, wadda ita ta fi ci mini rai. Wa ke raka bebiya asibiti? Uwar mijinta, ko mijin, ko kishiya, ko ɗanta mai shekara goma, domin sau da yawa yaron ne ya fi kowa iya maganar hannu a gidan. A gaban waɗannan za a tambaye ta batun jinin al'ada, da ɓari, da ciwon sanyi, da ko tana son tazarar haihuwa, da inda ta samo taɓon da ke bayanta. Mace mai ji tana iya rage murya ta gaya wa ungozoma abin da ba ta son kowa ya ji. Bebiya sai ta bi ta hannun wanda wataƙila shi ne ba ta son ya sani. An taɓa kawo wata zaure, danginta suka roƙi Maigida ya haɗa su da ni tunda ina ɗan taɓa maganar hannu. Na ce, “Ranka ya daɗe, zan kai su har bakin ƙofa in yi musu Faransancin karɓar tikiti, amma abin da za a tambaye ta a ciki ba na kunnena ba ne.” Ya ce gaskiya ne. Ƙarshenta wata ƙanwarta ce ta shiga da ita, yarinyar da ko aure ba ta yi ba. Haka kuma idan tiyata ta kama, takarda ake miƙowa a dangwala yatsa. An rubuta cewa ta yarda. Da me ta yarda, in ba a bayyana mata abin da za a yanke da abin da zai biyo baya ba?

A wajen sayar da magani akwai wata dabara mai kyau da aka saba: a ja layi a jikin kwali, ɗaya na safe, ɗaya na rana, ɗaya na dare. Tana taimakon wanda bai iya karatu ba, domin ana haɗa ta da bayanin baki. Bebe layin kaɗai yake samu, da yatsu uku da aka ɗaga masa. Yatsu uku kuwa suna iya zama ƙwaya uku a lokaci ɗaya, ko sau uku a yini, ko kwana uku. Ba su faɗi ko kafin cin abinci ne ko bayansa ba, ba su faɗi cewa wannan na ɗigawa a ido ne, wancan na matsi ne ba, ba su kuma faɗi cewa maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi ba.

Wani zai ce a rubuta masa mana. Da wane harshe? Yawancin bebayen da na sani ba su shiga lakwal ba, allo ma kaɗan ne aka yi haƙurin zaunar da su a gabansa. Wani kuma zai ce ai suna karanta leɓe. Mai karatu ya tsaya gaban madubi ya ce baki, ya ce baƙi, ya ce maki, ba tare da fitar da murya ba. Duk ɗaya zai gani. Ya ce ciwon mara, ya ce ciwon bara. Hausa harshe ne da ma'anarsa ke rataye ga hawa da saukar murya da jan wasali, waɗannan kuwa ba su fitowa a leɓe. Da annobar korona ta zo a 2020 aka ɗaura takunkumi, ɗan abin da ake tsinta a leɓen ma ya tafi, har da fuskar gaba ɗaya. Ga mai maganar hannu fuska rabin zance ce. Ɗaga gira ke bambanta tambaya da bayani, yamutsa fuska ke nuna tsananin ciwo. Karin maganar nan da ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska, a wajensu nahawu ne.

Kada a ɗauka wannan batun mutum biyar ne ko goma. Muna zaune ne a tsakiyar yankin da likitan Faransa Lapeyssonnie ya shata a 1963 ya kira shi ɗamarar sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal har Habasha. Wanda ya kai shekaruna bai manta da 1996 ba, lokacin da annobar ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka cikin shekarar da wadda ta biyo ta, ta kashe wajen 25,000. Cikin waɗanda suka tashi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar yakan fita da wata naƙasa mai ɗorewa, kurumta kuwa tana kan gaba. Yaran wancan lokaci su ne magidanta da matan aure na yau. An samu sauƙi da allurar MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso mu a 2012; a nan Banikoara, cikin jiharmu ta Alibori, aka fara gwada yawo da ita ƙauyuka har kwana huɗu ba tare da ƙanƙara ba. Amma sanƙarau iri-iri ne, kuma ba shi kaɗai ke toshe kunne ba. Akwai ƙyanda, da hangum, da shawarar jarirai, da zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, da zazzaɓin Lasa, da ruwan kunne da ake bari yana zuba shekara da shekaru. Akwai ma allurai irin su jentamisin da ke lalata ji idan an yi su barkatai, abin da masu allurar bakin kasuwa ba su sani ba. Rahoton hukumar na 2021 ya ƙiyasta mutum miliyan 430 a duniya da ke da raunin ji mai bukatar kulawa, ya kuma ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana ta. Da yawa daga cikin bebayenmu ke nan a gadon asibiti suka rasa ji, sa'an nan suka dawo asibitin aka rasa mai yi musu magana.

Matasan likitoci da ma'aikatan jinya da na zanta da su a bencin nan da kuma zaure, na tambaye su ko an taɓa zaunar da su gaban bebe a lokacin karatu. Kowa sai ya yi murmushi ya ce a'a. Sun san sunan kowane ƙaramin ƙashi da ke cikin kunne, sun san jijiyar da sanƙarau ke kashewa, amma mutumin da ke ɗauke da kunnen sai ranar da ya shigo musu ɗaki suka fara haɗuwa da shi.

A wasu ƙasashe an gyara wannan, kuma hanyar da ta fi burge ni ita ce ta makarantar likitanci ta Jami'ar Rochester a Amurka, garin da kurame suka yi yawa saboda wata babbar makarantarsu ta fasaha da ke can. Tun 1998 suke da wani shiri mai suna Deaf Strong Hospital. Rana ɗaya ake warewa, a shirya asibitin kwaikwayo wanda mai karɓar baƙi da likita da mai ba da magani duk kurame ne, da hannu kaɗai suke magana. Ɗaliban shekarar farko su ne marasa lafiya. A ba kowa ciwon da zai kai ƙara, a hana shi buɗe baki. Yana zaune a benci za a kira sunansa da yatsu, ya wuce bai sani ba. Ya shiga wajen likita ya yi ta nuni, a ba shi bayanin da bai gane ba, a miƙo masa takarda ya sa hannu. Bayan an gama sai a zauna da kuramen a tattauna. Ba a ce ɗalibi zai iya harshe cikin yini ɗaya ba, amma wanda ya ɗanɗani wannan zama da wuya ya sāke kiran suna daga cikin ɗaki ya wuce. Gani ya kori ji. Wannan shiri ba ya bukatar na'ura ko ginin bene, benci ne da tebura da bebaye goma da aka biya ladan yininsu.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata duk mai shirin koyarwa a yankinmu ya sani, in ba haka ba zai yi aikin baban giwa. Maganar hannu ba ɗaya ba ce, ko a Malanbil iri biyu ne aƙalla. Akwai ta makaranta. Asalinta wani baƙar fatar Amurka ne, Andrew Foster, wanda shi ma sanƙarau ya kurumtar yana ɗan shekara 11. Shi ne baƙar fata na farko da ya sami digiri a Gallaudet, jami'ar kurame ta Washington, a 1954. Ya zo Gana a 1957, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, ya ci gaba har makarantunsa suka kai wajen 30 a ƙasashe 13, ciki har da Benin, kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Ɗan mishan ne, amma aikinsa ya amfani 'ya'yan kowa. Da maganar hannun Amurka ya zo, aka ɗora mata Faransanci a ƙasashenmu, ita ce kuma ake koyarwa a makarantun kurame, ita tafintocin talabijin ke yi.

Akwai kuma ta gida, wadda ta girmi makarantun. A Kano bebaye suna da Sarkin Bebaye, kamar yadda makafi ke da nasu, suna da wuraren hirarsu, kuma harshensu ya daɗe yana bin hannu daga manya zuwa yara kafin a buɗe makarantar Tudun Maliki a 1977. Wata Bajamushiya masaniyar harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da su, ta fitar da littafi a kan harshen a shekarar 2000 da sunan da masu shi ke kiransa, Maganar Hannu, ta tabbatar da cewa harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa, ba kwaikwayon Hausar baki ba. Bebayenmu na kasuwa, waɗanda suka zo daga Kamba da Gaya da Doso da Sakkwato, irin wannan maganar gida suke yi, kowa da ɗan bambancin garinsu. Likitan da ya koyi ta makaranta kaɗai, ya haddace baƙaƙen yatsu, zai zo ya jera wa mai dako haruffan Faransanci da hannu, mai dako ya yi ta kallonsa. Don haka malamin da zai koyar dole ya zama bebe, kuma a haɗa iri biyun: wanda ya yi makaranta da wanda kasuwa ta rena.

Ta fuskar doka ba a bar mu a baya ba, a takarda. Benin ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu a 2012, ta kuma yi dokarta a 2017. Dokar Nijeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta wa asibitin gwamnati tanadin hanyar magana da majiyyacin da ba ya ji. A Kanada sai da aka je kotun ƙoli: cikin masu ƙara akwai wata kurma da ta haifi tagwaye bakwaini ba tare da tafinta ba, ana ta kai da kawo da jariranta ba ta san halin da suke ciki ba, kotun kuwa ta yanke hukunci a 1997 cewa hana kurma tafinta a asibiti tauye masa haƙƙi ne. Mu da muka yi karatun zaure ba mu ga baƙon abu a nan ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da zartar da cewa ishara da aka fahimta daga bebe tana tsayawa matsayin furuci a ciniki da aure da saki, har Imamu Buhari ya ware babi a kan ishara. Na sha rubuta ɗaurin auren bebe a littafin Maigida, liman ya tambaye shi da hannu, ya amsa da hannu, shaidu suka shaida. Abin da ya isa ya ƙulla aure ya isa ya bayyana ciwon kai.

Roƙona yana ga masu tsara karatun likitoci da ungozomomi da ma'aikatan jinya, musamman a Jami'ar Paraku da aka kafa a 2001, tunda ita ce mafi kusa da mu a ƙasar Benin duk da nisan sama da kilomita 300, kuma can 'ya'yanmu na arewa suka fi zuwa. Ba na neman a mai da likita tafinta. Tafinta sana'a ce daban, kuma ya kamata babban asibiti ya san wanda zai kira, mace ga mace. Abin da nake nema a ba ɗalibi kwanaki kaɗan da bebaye kafin ya fita. Ya koyi gaisuwa, da ina ke ciwo, da tun yaushe, da alamun zazzaɓi da amai da gudawa da jini da ciki, da safe da rana da dare. Ya koyi fuskantar majiyyaci da kansa ko da akwai ɗan rakiya, ya zauna inda haske ke dukan fuskarsa, ya daina ɗaga murya, ya fitar da ɗan rakiya idan tambaya ta kai ga sirri. In ya gama bayanin magani kada ya yarda da gyaɗa kai, domin bebe ya saba gyaɗa kai don a rabu lafiya. Ya miƙa masa kwalin ya ce ya nuna yadda zai sha.

Kafin wannan ta samu, akwai abin da ke hannunmu. Ku iyaye da ke da 'ya'ya a karatun likita ko jinya a Paraku, ko Kwatano, ko Yamai, ko Sakkwato, idan sun zo hutu ku turo su. Haka ɗaliban da ake aikowa koyon aiki a yankinmu, ƙofa a buɗe take. Na yi magana da bebayen bakin kogi, maza uku da mace ɗaya sun yarda su koyar, ɗayansu ya yi makaranta a kudu. Maigida ya ba da zaurensa ranar Juma'a bayan la'asar, tabarma da shayi daga gare mu, ya kuma ce kowane ɗalibi ya zo da abin da zai ba malaminsa, domin yinin da mai dako ya bar bakin kogi yinin abincin iyalinsa ne. A zo da wuri, saboda fitilar zauren ba ta da ƙarfi, in magariba ta yi ba a ganin hannu.